Masu manyan motoci a Kebbi da Zamfara, ku yi hattara da mai kawo gilashi har gida

Salamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don ba daɗi mutum ya fito ya ce an cuce shi idonsa biyu. Amma shekaranjiya wani bawan Allah daga Gusau ya kira ni yana ba ni labarin abin da ya same shi, tun bai kai rabi ba na gane zancen, domin hannu ɗaya ne ya taɓa mu. Shi ya sa na ce shirun ya isa.

Motar ba tawa ba ce, ta Kawuna ce, ni dai nake kula da ita a nan Birnin Kebbi. Mercedes-Benz ce mai ƙofa biyu, irin 'yan gajerun nan masu gudu, shigowar Amurka. A kan hanyar Jega, daidai wajen Kalgo, wata tifa ta watso mana tsakuwa, guda ta sami gilashin gaba ta bar ɗan tabo kamar tauraro, bai kai girman farce ba. Da na kai an ɗura masa ruwan gam ɗin nan da ake cike irin wannan tabo da shi, da magana ta ƙare a nan. Na yi sakaci. Wata rana motar ta sha rana a waje, yaron gida ya kwara mata ruwan sanyi zai wanke, tsagar ta gudu tun daga tsakiya har gefen direba. Bayan mako biyu kuma, a wajen wani ɗaurin aure, ɓarawo ya fasa gilashin ƙofar direba ya ɗauke jaka. Gilashi biyu ke nan, ga bikin 'yar Kawu ya matso, ana son motar a cikin jerin ɗaukar amarya.

Na tambayi masu kaya a Abuja, suka ce sai an yi oda, a jira mako uku zuwa huɗu, kuɗin kuma sai da na zauna kafin na sake karantawa. Sai na jefa cigiya a wani zauren WhatsApp na masu sha'awar motoci. Ba a yi awa guda ba wani ya biyo ni ta gefe. Hausarsa tsaf, bakinsa cike da in sha Allah da amana. Ya turo mini shafinsa na Facebook, hotunan gilasai jere a cikin sito, da bidiyo yana nuna tambarin tauraron Mercedes a kusurwar wani gilashi da yatsa. Ya ce kayansa daga Legas suke, orijina, kwana uku sun iso, kuma yaransa za su zo har gida su ɗaura. Farashinsa bai kai rabin na Abuja ba.

Abin da ya kamata ya tsayar da ni tun a nan shi ne bai taɓa tambayata lambar shasi ba. Na Abuja kuwa ita suka fara nema. Wannan lamba mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake hangowa ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba, da ita ake gane ainihin gilashin da mota ta fito da shi. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya samun gilashin gaba kala-kala: wani da gurbin sensar ruwan sama, wani da mazaunin kamara, wani mai rage ƙara, wani kuma na motar da ke haska lambar gudu a jikin gilashi gaban direba. Kowanne da lambar kayansa, na Mercedes yana farawa da harafin A sai alƙaluma goma. Mutumin nan abin da ya ce kawai shi ne, "Yallaɓai, ai na san motar, duk ɗaya ne." Ni kuma na ji abin da nake son ji.

Na tura rabin kuɗi kafin alƙalami. Sunan da ya fito a asusun daban da wanda ya gaya mini, ya ce na ƙaninsa ne. Cinikin biri a sama dai, na sani, amma na yi.

Ga inda wannan damfara ta bambanta da wadda muka saba. Bai gudu da kuɗin ba. Kaya sun zo. Rana ta huɗu, bayan la'asar sakaliya, samari biyu suka iso da gilasai a naɗe cikin kwali da bargo. Suka ce a daren za su juya, saboda haka a yi sauri. Da na matsa zan duba, babban cikinsu ya ɗaga gefen kwalin ya nuna mini tauraro, ya mayar ya rufe, wai ƙura. Sai ya kawo wata magana: gilashin ƙofa biyu-biyu yake zuwa, in aka sa sabo a gefe ɗaya launi zai bambanta, don haka Oga ya ce a canja har na ɗaya ƙofar, kyauta. Kyauta! Har godiya na yi. Aka cire gilashin ƙofar fasinja wanda ko ƙwarzane babu, na kamfani, aka sa nasu. Magariba ta yi, ba wuta, suka ƙarasa da fitilar waya. Suka bi gefunan gilashin gaba da faffaɗan salatif, har kan tambarin, suka ce kada a ɓare sai bayan kwana biyu don gam ya kama. Tsofaffin gilasan kuma suka loda a motarsu, "bari mu zubar muku, kada yara su yanke." Na tura cikon kuɗi, suka ji alat, suka kama hanya.

Kwana biyun nan da suka ce, yanzu na gane na nesanta kansu ne.

Da na ɓare salatif na fita gwaji ta hanyar Argungu, abu na farko da na lura shi ne turakun lantarki na gefen titi suna lanƙwasa in na kalle su ta gefen gilashi, kamar mutum na kallo ta cikin ruwa. Da gudu ya ɗan ɗaga sai fito ya tashi ta saman ƙofa. Lambar gudun da ke haskawa a gilashi ta zama biyu, ɗaya bisa ɗaya. Dashbod ya kunna gargaɗin kamara. Su kuma ƙofofin, wanda ya san irin wannan mota ya san gilashinsu ba shi da firam: in ka ja hannun ƙofa sai ya ɗan sauka da kansa, in ka rufe ya koma ya shige cikin roba. To namu sai ya hau ya daki robar ya tsaya a waje. Washegari aka wanke mota, na tarar da kafet ɗin gefen fasinja sharkaf.

Na kai ta wurin wani dattijo mai gilashi a cikin gari, wanda tun farko shi ya kamata in fara tambaya, amma na raina shagonsa don na ga bas-bas da 'yan Golf yake yi wa aiki. Ya zagaya motar bai ce komai ba, sannan ya dube ni.

"Yaro, wa yas sa maka gilashin ga?"

Na ce, "Baba, daga Legas aka kawo."

Ya tsoma tsumma a tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, ya goga a kan tauraron sau biyu. Tauraro ya bi tsumma, rubutun da ke ƙarƙashinsa ma ya bi. Ya ce tambarin gaskiya tare da gilashin ake gasa shi ko a sassaƙa shi a jiki, ba tina ba fetur ba farce da zai ɗauke shi. Daga nan ya shiga ciki ya sa tafin hannu a kusurwar sama ya tura a hankali, na ga gilashin ya ɗaga da idona. Ya ciro ɗan gam ɗin da yatsa ya miƙo mini: silikon ne, irin na tagar gida da bahon wanka, har da ɗan warin tsamin nan nasa.

A nan ne jikina ya yi sanyi, domin wannan ya wuce maganar kuɗi. Gilashin gaba a motocin zamani ba kariyar iska ce kawai ba, yana cikin abin da ke riƙe rufin mota in ta kife, kuma a motoci da yawa jakar iskar fasinja shi take doka in ta fashe kafin ta tare mutum. Shi ya sa ake ɗaura shi da baƙin gam mai ƙarfi da ake kira yuretan, bayan an goge wurin an shafa masa firaima, wato ruwan da ke sa gam ya kama. Baƙin zanen da kuke gani a kewayen gilashi ma ba ado ba ne, shi ke kare gam ɗin daga rana. Gam ɗin yana da lokacin da yake ɗauka kafin a tuƙa mota, wani awa guda, wani sai ya kwana, kuma a rubuce yake a jikin kwalinsa. Gilashin da aka liƙa da silikon, ranar da aka yi karo, yana iya fita gaba ɗaya. Motar da za a ɗauki amarya a ciki ke nan. Wajen yanke tsohon gam kuma sun kankare fenti har ƙarfe ya fito, ba su shafa komai ba, wato da damina ta sauka tsatsa za ta fara ci ta ƙarƙashi inda ido ba ya gani. Mazaunin kamara kuwa, daga tsohon gilashi suka ɓamɓaro shi suka manna da gam na shago, a karkace.

Na ƙofofin ya fi ban haushi. Baba ya sauke guda ya nuna mini bakinsa: falle biyu da leda a tsakani, ledar ta ƙone ta yi baƙi-baƙi, bakin kuma an goge shi da dutse. Ya ce daga gilashin gaban wata babbar mota aka yanko su. Ya yi mini bayanin da ban taɓa tsayawa na sani ba. Gilashin gaba falle biyu ne da aka haɗe da leda mai ƙarfi, shi ya sa in dutse ya same shi yake tsagewa amma ba ya zubewa, kuma mai hannu yana iya yanka shi. Na ƙofa a yawancin motoci gasasshe ne, in ya fashe sai ya zube ƙanana kamar tsakuwa don kada ya yanka mutum, kuma da zarar an gasa shi ba ya yankuwa, tarwatsewa yake yi. Wasu motocin alfarma suna zuwa da mai falle biyu har a ƙofa don rage ƙara, amma wannan a kamfani ake lanƙwasa shi daidai da ƙofar, bakinsa sumul, da tambarinsa. Yankakke ba zai taɓa zama a ƙofar da ba ta da firam ba. Shi kuwa lafiyayyen namu da aka ce an canja mana kyauta, yana can za a sayar wa wani a matsayin orijina na hannu. Ba mamaki ma shi ne zai fito a bidiyo na gaba ana nuna tauraronsa da yatsa.

Tun da na riga na biya kuɗin makaranta, bari in faɗi abin da ke cikin tambarin nan, don wanda zai saya ya tsuguna ya karanta da rana tsaka kafin a ɗaura. Akwai sunan kamfanin da ya yi gilashin, domin masu ƙera motoci ba su ke yin gilashi ba, saya suke yi daga irin su Saint-Gobain Sekurit na Faransa, Pilkington, AGC na Japan da Fuyao na Sin. Akwai DOT da lamba a gabansa, wadda hukumar sufuri ta Amurka ke bai wa kowane mai yin gilashi, ana iya bincika ta a intanet a ga ko ta dace da sunan da ke sama. Akwai alamar ajin gilashin: na gaba zai ɗauki AS1, na gefe yawanci AS2. In ka ga AS2 a gilashin gaba, a mayar da shi cikin kwali. Akwai kuma harafin E a cikin da'ira da 'yar lamba, tare da 43R: E1 Jamus ce, E2 Faransa, E6 Baljiyam, kuma ƙasar da ta amince da ingancinsa take nufi, ba lallai inda aka yi shi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kwatanta da tambarin tsohon gilashinka, wanda shi ne dalilin da ya sa bai kamata ya bar gidanka ba sai aiki ya kammala ka gwada.

Kada a fahimce ni baibai. Ba na cewa duk gilashin da ba shi da tauraro banza ne, ko duk na Sin jabu ne. Fuyao ɗin nan manyan kamfanonin motoci na duniya suna saye a wurinsa. Akwai masu gaskiya a Ƙofar Ruwa ta Kano, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas, da za su ce maka wannan na kamfani ne, wannan na hannu ne, wannan kuma bi-sawu ne, wato na wani kamfani daban, amma mai kyau, ga kuɗin kowanne, ka zaɓa. Da mutumin nan ya faɗa mini haka, da ba ni da ta cewa. Laifinsa shi ne ƙarya, da buga tambarin da ba nasa ba, da satar gilashin da ba abin da ya same shi.

Da na kira shi, ranar farko ya ce gam ne bai gama bushewa ba. Rana ta biyu ya ce yaran za su dawo. Ta uku lambar ta daina shiga, shafin kuma ya canja suna, hotunan dai su ne. Na kai ƙorafi banki da shaidar tura kuɗi, na kai rahoto wurin 'yan sanda, na kuma haɗa hotunan hirarmu zan miƙa ofishin EFCC na shiyyar Sakkwato, wanda Kebbi da Zamfara ke ƙarƙashinsa. Akwai kuma FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Wanda abin ya taɓa shafa, don Allah ya kai nasa. Na san abin da ke hana mu: mai babbar mota yana gudun a ce Allah ya ƙara, ko a yi da shi a majalisa. Da wannan kunyar suke cin kasuwarsu. Mutumin Gusau shi ko gilashin bai gani ba, bayan kafin alƙalami sai wani ya kira shi a matsayin direba, wai an tsare kaya a hanya sai an turo na sallama, ya tura sau biyu kafin ya farga.

Da na je gaban Kawu na zayyana masa komai, ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Da ka tambayi na gida." Na ce, "Haka ne, Kawu, na yi kuskure." An yi biki da wata motar. Ita kuwa tana nan a rumfa an lulluɓe ta, mun tura lambar shasi Abuja muna jiran kaya, kuma an ce ko an ɗaura sai an kai ta can an daidaita kamarar da kwamfuta. Shafin nasa na duba jiya da dare, yanzu fitilun Lexus yake talla, kuma a ƙarƙashin hoton akwai wani daga Talata Mafara yana tambayar nawa ne.