Gargaɗi ga mutanen Yamai: masu tallar hutun golf a Ailan 'yan damfara ne

'Yan uwa, akwai wata talla da ke yawo a WhatsApp da Facebook, ta wasu masu kiran kansu kamfanin shirya tafiye-tafiye. Suna cewa za su kai mutum tsibirin Ailan hutun kwana goma, ya zagaya filayen golf na bakin teku da na cikin ƙasa, da otel da mota da tikitin jirgi da biza duka a kansu. Kada wanda ya ba su ko dala.

Tsarin da suka rubuta yana da kyan gani, don filayen da suka ambata na gaske ne. Ballybunion yana gaɓar tekun Atlantika a kudu maso yamma. K Club yana cikin ƙasa kusa da Dublin, can aka yi gasar Ryder Cup a 2006. Adare Manor shi zai karɓi gasar a 2027. Daga nan sai su ce a ƙare a Royal Portrush, inda aka buga gasar Open a 2019 da 2025. Hotunan koren ciyawa da tuddan rairayi kuwa daga shafukan filayen suka kwaso su.

Ƙaryar tana fitowa a maganar biza. Sun rubuta cewa bizar Shengen ɗaya, wato bizar da ake shiga ƙasashen Turai da dama da ita, ta isa tafiyar. Jamhuriyar Ailan tana cikin Tarayyar Turai, amma ba ta cikin yankin Shengen, bizarta daban take. Portrush kuwa yana Ailan ta Arewa ne, ƙarƙashin Birtaniya, inda ko kuɗin ma fam ake kashewa, ba yuro ba. Mai fasfon Nijar sai ya nemi bizar Birtaniya kafin ya taka can. Wanda ya taɓa kai ko mutum ɗaya wannan tsibiri ba zai yi irin wannan kuskure ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba masu buga golf suke farauta ba. Su nawa ne a Yamai? Samarinmu masu neman hanyar Turai suke nufi. Ɗan maƙwabcina a Bukoki, tela ne, bai taɓa riƙe sandar golf ba. Suka ce masa, "Ƙanena, kai dai ka shiga a matsayin mai ɗaukar wa Alhaji jakar sanduna, in ka sauka sai ka san inda dare ya yi maka." Ya sayar da keken ɗinkinsa biyu, mahaifiyarsa ta ƙara masa da kuɗin adashinta, ya tura musu jika ɗari takwas na somin-taɓi. Na ga takardar da suka ba shi: ba adireshin biro, ba lambar rajista, hatimin ma hoto ne aka liƙa. Fasfonsa kuma wani ɗan kabu-kabu suka aiko ya karɓa a bakin Katako. Yanzu lambar a kashe take.

In sun tuntuɓe ku, ku ce su nuna biro da takardar izinin aiki, su kuma ba ku shaidar ajiyar lokacin wasa da sunanku, sannan ku rubuta wa filin da kanku ku tambaya. Wanda ya riga ya tura kuɗi ko ya miƙa fasfo, kada kunya ta hana shi magana. Ya adana rasit da saƙonnin murya da lambobin wayar, ya kai wa 'yan sandan binciken laifuka na PJ, ya kuma bayar da rahoton ɓatan fasfon kafin a yi wani aikin da sunansa.