Sharhi kan kayan kwantar da hankalin yaro mai firgita: me ya yi aiki a zafin Garwa, me bai yi ba

Masu sayar da kayan yara a Facebook da WhatsApp suna ta tallar wani ƙunshi da ake kawowa daga Duwala ko Kano, wai na kwantar da hankalin yaro mai yawan tsoro da fargaba. A cikin wanda muka yi aiki da shi tare da yara 'yan shekara huɗu zuwa goma a nan Garwa ta Kamaru akwai bargo mai nauyi, da abin rufe kunne mai kama da na masu sauraron waƙa, da robar taunawa mai igiya, da faifan roba da ake kira Pop It, da ƙwallon matsawa, da kwalba mai ƙyalƙyali. Ra'ayinmu tun farko: kada ku sayi ƙunshin gaba ɗaya. Abu biyu ne kawai a ciki suka ci kuɗinsu, abin rufe kunne da robar taunawa, wanda ya fi tsada kuwa don ƙasashen sanyi aka yi shi.

Mai tsadar shi ne bargon. An ɗinka shi aljihu-aljihu, an zuba ƙananan ƙwayoyin gilashi ko na roba a ciki. Hikimarsa ita ce nauyin da ya bazu daidai a jiki yana sa jikin yaro ya saki, kamar yadda goyo da majanyi ke sa jariri ya yi shiru. Ƙa'idar da masu yin sa ke bi ita ce kashi ɗaya cikin goma na nauyin yaro, wato mai kilo 20 a ba shi bargo mai kilo 2. To amma rigar bargon ta yadin roba ce mai gashi-gashi, iska ba ta ratsa ta. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 kuma wuta na ɗaukewa, yaro kan jiƙe da gumi cikin mintuna kaɗan, ƙurajen zafi su feso masa, ya yi ta shure-shure. Shi kansa zafin yana sa zuciya bugawa da sauri, abin da ake son ragewa ke nan. Sai a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, yake da amfani. Mutanen Ngaundere da ke kan tudu za su fi mu morarsa.

Ko a ƙasashen sanyin ma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Wani bincike da aka buga a 2014 a Ingila, kan yara masu lalurar otizim (wadda ke shafar magana da cuɗanya da mutane), ya nuna bargon bai ƙara musu tsawon barci ba, duk da cewa yaran da iyayensu sun fi son shi a kan bargo na yau da kullum. Yana kuma da haɗari na gaske. A 2008 wani yaro ɗan shekara tara ya rasu a wata makaranta a Kebek ta Kanada bayan an naɗe shi cikin irin wannan bargo. A 2022 kamfanin Target na Amurka ya janye barguna sama da 200,000 bayan rasuwar 'yan mata biyu ƙanana da suka zuge zif ɗin rigar bargon suka shige ciki. Don haka ba a ɗora wa yaron da bai kai shekara uku ba, ba a rufe kai da shi, ba a naɗe yaro, kuma duk yaron da ba zai iya yaye shi da kansa ba, ba nasa ba ne. Mai asma da mai farfaɗiya a nisanta su da shi. In rigar mai zif ce, tela ya ɗinke bakin.

Abin da ya maye gurbinsa a wurinmu ƙaramin matashi ne na cinya, kuma kowane telan unguwa zai ɗinka shi. A yanka yadin auduga mai kauri gida biyu, faɗi santimita 30, tsawo 45. A ɗinke gefe uku, a ja layin ɗinki biyu a tsaye don a samu rami uku, sannan a riƙa zuba abin nauyi ana tsallaka ɗinki a kwance har a samu aljihu 12. Ga yaro mai kilo 20, kilo ɗaya ya isa, wato kusan giram 80 a kowane aljihu. A auna a sikelin mai shago, kada a yi da ido, don in gefe ɗaya ya fi nauyi matashin zai riƙa zamewa. Kowane ɗinki a bi shi sau biyu, a yi masa riga ta atamfa da za a iya cirewa a wanke.

Abin da ake zubawa a ciki shi ne inda aka fi yin kuskure. Shinkafa da gero da wake suna da daɗin taɓawa, amma ƙwari na cin su, ɓera na huda yadin, da damina ta faɗi kuma su yi fumfuna. Yashi yana bin ramin allura ya fita, ya bar ƙura a jikin yaro. Ƙananan tsakuwa masu santsi na bakin kogin Binuwai sun fi: a tankaɗe, a wanke sosai, a shanya kwana biyu a rana. A ɗora matashin a cinya lokacin karatu, ko cin abinci, ko zaman jira, minti 15 zuwa 20 sannan a ɗauke. In ya wuni a jikinsa, jiki ya saba, nauyin ya daina faɗa masa komai.

Abin rufe kunne shi ne ya fi komai burge mu, kuma shi ba a haɗa shi a gida. A duba kwalin, akwai lamba kusa da haruffan SNR. Na yara mai kyau yakan nuna 25 zuwa 27, yawan desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) da yake ragewa ke nan. Wanda ba shi da lamba ko kaɗan, abin wasa ne. Ba ya kurmantar da yaro, yana jin mai magana kusa da shi, kaifin ƙarar ne yake dakushewa. Ya yi aiki a gidan biki kusa da lasifika, da wurin hawan sallah a ƙofar fadar Lamiɗo inda ake ganga da algaita da harbin bindiga, da kusa da janareto ko injin niƙa, da daren tsawa. Ga yaran da iyayensu suka taso daga yankunan Mayo-Tsanaga ko Mayo-Sava na arewacin Kamaru saboda rikicin Boko Haram, waɗanda ƙarar salansar babur kaɗai ke sa su ɓuya, yana ba da sauƙi ƙwarai, ko da yake irin wannan firgita tana buƙatar fiye da abin kunne.

Yana da nasa aibun. Soson da ke zagaye kunne yana tsagewa in an bar shi a rana ko cikin mota, da ya tsage kuma ƙara ta samu hanya. Kallabi ko hijabi mai kauri, ko kitso mai tudu a gefen kunne, suna hana shi mannewa. A sa shi ƙarƙashin hijabin. Yana tara gumi, a goge da tsumma mai ɗan sabulu. Kunne mai fitar da ruwa ko mugunya asibiti yake buƙata, kada a rufe shi. Babban kuskure shi ne barin yaro da shi tun safe har dare: kunnen da ya saba da shiru yana ƙara jin zafin ƙara. A sa don wurin hayaniya, a cire da an fito. Kuma a cire kafin a tsallaka titi, kun san yadda 'yan moto ke gudu a garin nan.

Robar taunawa ta yaron da ke cinye wuyan riga da bakin biro da farce ce. A sayi ta silikon da aka yi don shiga baki, guntu ɗaya ba mai ƙananan sassa ba. A sansana, in tana warin taya ko fetur a ajiye wa mai ita. A ja igiyar da ƙarfi a gaban mai sayarwa: mai kyau tana da maɓallin da ke ɓallewa da kansa, don kada ta shaƙe yaro in ta maƙale. Wanki kullum da sabulu, a tafasa lokaci-lokaci, da ta fara tsagewa a jefar. Ba a kwana da ita. Ga babban yaro a gida, rake ko goruba suna biyan wannan buƙata, sai dai ba a shiga aji da su.

Pop It da ƙwallon matsawa, gaskiya, ba su da wani sirri, kuma suna nan a kasuwa da araha. Suna taimakawa a layin asibiti kafin allura. A aji mai cunkoso kuwa rigima suke haddasawa, kowa na son ya karɓa. Gara a ɗinka ɗan ƙyalle mai kaushi cikin aljihun rigar makaranta, yaro ya riƙa murzawa ba wanda ya sani. Ƙwallon da ke cike da ƙwayoyin nan masu kumbura a ruwa a fitar da shi daga gida: in ya fashe ƙaramin ƙane ya haɗiye, suna kumbura a hanji su toshe shi. Haka mai kunna wuta, saboda ƙaramin batirin da ke ciki yana ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan in an haɗiye.

Kwalbar ƙyalƙyali tana aiki, amma sayen ta asarar kuɗi ce. A samu gorar ruwa ta rabin lita mai santsin jiki, a zuba gilisarin na shagon kayan shafa zuwa kashi ɗaya cikin uku, a cika da dafaffen ruwa mai ɗumi, a ƙara ƙaramin cokali biyu na ƙyalƙyali da ɗigon sabulun wanke kwano don kada ya dunƙule. A girgiza a duba agogo. Ana son ya kwanta cikin minti biyu zuwa uku. In ya faɗi nan take a ƙara gilisarin, in ya ƙi sauka a rage a ƙara ruwa. Sai an gamsu sannan a manne murfin da gam. Ɗanyen ruwan rijiya yana yin kore in kwalbar ta sha rana. Amfaninta shi ne ta riƙe idon yaro yayin da babba ke zaune gefensa yana jan numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, har yaron ya bi shi.

Duk kayan nan suna faɗuwa ne a wuri ɗaya: a miƙa wa yaro su karo na farko yana tsakiyar ihu. A lokacin ba ya koyon komai, jifa zai yi da su. A gabatar da abu ɗaya yana cikin nishaɗi, bayan la'asar misali, a yi ta maimaitawa mako ɗaya ko biyu, sannan a riƙa miƙa masa da an ga alamun farko: ya toshe kunne da hannu, ya riƙe zanen uwarsa, ya fara cizon riga. A ajiye a wurin da hannunsa ke kaiwa. Kada ya zama horo, kada kuma yayye su mayar da shi abin tsokana. Malamar aji da malamin allo a yi musu bayani tun kafin su ƙwace.

In tsoron ya kai makonni yana hana yaro zuwa makaranta, ko ciwon ciki kowace safiya, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina, ko yana ƙura ido ya ɗauke na 'yan daƙiƙu bai san inda yake ba, to ya wuce aikin roba da kwalba. Addu'a da tofi ba sa hana ganin likitan yara, domin ciwon kunne da ƙarancin jini da wasu nau'o'in farfaɗiya duk suna iya shigowa da kamar firgita. Ku tafi da ɗan littafi da kuka rubuta ranar da abin ya faru, da lokacin, da abin da ya gabace shi, da mintunan da ya ɗauka kafin ya lafa. Likita zai fi gane wannan a kan "kullum haka yake yi".