Auta, ga labarin kan jirgin da ka tambaya

Auta, ina gaisuwa. Ka gaida Inna da kyau, ka ce mata saƙonta yana hanya. Tun watan jiya kake damuna in ba ka labarin injinan jirgin ƙasa na nan Ingila, wai ko da gaske ne na Turawa ba sa lalacewa. Suna lalacewa mana. Ni kaina an taɓa shanya ni a tsakiyar gonaki sama da awa ɗaya, zan zo kan wannan. Amma bari in fara da mai cin kwal, saboda Baba Tsoho, Allah ya jiƙansa, da ya yi wa irinsu hidima a reluwe.

A nan York akwai gidan tarihin jiragen ƙasa a bayan tasha, tun 1975 aka buɗe shi, kuma ba a biyan ko sisi a ƙofa. A ciki akwai wani shuɗin kan jirgi da ake kira Mallard. Ranar 3 ga Yuli 1938 ya yi gudun mil 126 a awa, wato kilomita 203, har yau ba a sami mai tururi da ya wuce shi ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ranar bai ƙarasa Landan ba. Boris ɗin sandar fistin na tsakiya ya ɗauki zafi ya lalace, sai a Peterborough aka kwance shi aka ɗaura wani. Masu ƙera shi sun san raunin wurin, shi ya sa suka dasa wata 'yar kwalba mai ɗauke da mai mai ƙarfin ƙamshi a jikin boris ɗin. Zafi na yin yawa sai ta fashe, ƙamshin ya bugi hancin direba. Kai da kake gane ciwon inji da kunne, ka ga su ma da hanci suke gane nasu.

Reluwen gwamnatin nan ya daina aiki da tururi a watan Agusta 1968, amma ba su bari abin ya mutu ba. Arewa da mu akwai wani tsohon layi mai mil 18 daga Pickering zuwa Grosmont, wasu jiragen har Whitby suke kaiwa a bakin teku. Akasarin masu aiki a kansa 'yan sa-kai ne, tsofaffin da suka yi ritaya da samari masu son abin. Na je wata Asabar. Jirgi na tsaye a tasha, wani dattijo mai baƙin hannu ya ga na ƙura wa injin ido, ya ce in hau in gani.

Auta, zafi ne ya fara marina. Ya buɗe ƙofar murhun, wutar ba ja ba ce, fari-fari take, ba ka iya kallonta sosai. Ya ɗebi kwal da shebur ya watsa can ƙurya ta hagu, ya ƙara ɗaya a dama, biyu a gindin ƙofa, ya rufe. Ba jibgawa ake yi ba, shimfiɗawa ake yi kamar mai shanyar hatsi, don duk inda aka bar rami iska mai sanyi za ta shigo ta nan ta rage ƙarfin wutar. Zafin yana bi ta cikin bututu masu yawa da suka ratsa tukunyar ruwa, ruwa ya tafasa, tururi ya taru ya matsu, a sake shi cikin silinda ya tura fistin gaba ya dawo da shi baya, sanduna su juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki yana fita ta bututun hayaƙi, fitar tasa ce ke zuƙo iska ta ƙasan murhu. Wato gwargwadon yadda injin ke aiki, gwargwadon yadda yake hura wutarsa da kansa. Wannan cuku-cukun da muke kwaikwaya muna yara, sautin fitar tururin ne.

Na lura idon dattijon ba ya minti ɗaya bai koma kan wata 'yar kwalba doguwa da ke nuna tsayin ruwan tukunya ba. A nan ran kowa yake. Rufin murhun yana nutse cikin ruwa ne, ruwan ke hana shi narkewa. In ruwa ya ja baya rufin ya bayyana, ƙarfen zai yi laushi, matsin tururi ya ɓarke shi, kuma wanda ke tsaye a gaban murhu shi zai fara karɓa. Don haka ake ɗaura wasu kusoshi masu cikin darma a rufin, darmar ta riga narkewa, tururi ya feso cikin wuta da ƙara ya sanar da su a kashe wutar maza. Sai lokacin na fahimci abin da ya sa Baba Tsoho ba ya iya ganin tukunya a kan wuta bai ɗaga murfi ya leƙa ba. Mu muna yi masa dariya.

Sauran cututtukan injin ba su da ban tsoro haka, amma su ke cin kuɗi. Butar lantarkin da nake dafa shayi, wata biyu in ban wanke ba sai wani farin ɓawo ya kama gindinta. To shi ne ke kama cikin tukunyar jirgi, ya shiga tsakanin wuta da ruwa, bututu su ƙone su fara yoyo. Dole a riƙa sa magani a ruwan, a kuma wanke tukunyar bayan 'yan makonni. Duk shekara goma kuma sai an tuɓe ta gaba ɗaya an duba kafin a sake ba ta izinin aiki. Kwal mara kyau yana narkewa ya daskare a kan ragar murhu ya toshe iska. Ga jinkiri: injin da ya huce ba a tayar da shi da gaggawa, tun daren jiya ake kunna masa 'yar wuta ya ɗumama a hankali, in ba haka ba ƙarfe ya tsage. Duk wannan wahala, abin da ke isa ƙafafu daga ƙarfin kwal ɗin bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Injin mai aiki da man gas yana ba da wajen kashi 30 ko fiye.

Wani abin mamaki, ƙasar da ta koya wa duniya jirgin kwal yanzu sayo kwal ɗin take yi daga waje. Ramin haƙar kwal mai zurfi na ƙarshe, Kellingley, nan kusa da mu, an rufe shi a Disambar 2015. Na tuna da kwal ɗin Inugu da ya ja gyadar Kano zuwa Legas shekara da shekaru, bayan dogo ya iso Kano a 1911. Irin injinan da su Baba Tsoho suka yi wa hidima, waɗanda aka sa wa sunayen koguna, a nan aka ƙera su, wasu a masana'antar Vulcan Foundry, wasu a Glasgow. Da na faɗa wa dattijon haka sai ya cire safar hannu ya ba ni hannu.

Na gas kuma, ai fagenka ne. Babban kan jirgin da ke jan kaya a nan, wanda suke kira Class 66, janareta ne kawai aka ɗora wa ƙafafu. Inji mai silinda 12, ƙarfin doki sama da 3,000, ba fulogi, matsin iska ke kunna man kamar dai na tirelolin da kake kwancewa. Amma ba giya ko kuloci tsakaninsa da ƙafa. Injin yana juya janareta, wutar ta tafi ga motoci da ke maƙale a jikin kowane gatari, su ke juya ƙafafun. Kamfanin EMD ne ya ƙera su, akasari a Kanada, sun fara shigowa a 1998. Ƙananan jiragen fasinja na karkara kuwa ba su da kai ma, injin yana kwance a ƙarƙashin taragon da kake zaune, kana jin rawarsa a tafin ƙafarka. Babban layin da ya bi ta nan zuwa Landan na lantarki ne, amma fiye da rabin layukan ƙasar ba su da waya a sama, har yau gas ke riƙe da su.

A irin wannan ƙaramin ne aka shanya ni, ranar wata Laraba da bazara. Muna cikin tafiya rawar da ke ƙarƙashin ƙafata ta ɗauke, muka gangara a hankali muka tsaya. Direba ya yi magana ta lasifika, ya ce inji ya yi zafi ya kashe kansa. Abin da kake gani kullum ne: lagireto ya toshe da ƙura da furen ciyawa, ko ruwa ya zube, na'ura ta ga zafi ya wuce iyaka ta yanke mai. Haka take yi in ƙarfin baƙin mai ya faɗi. Birkinsu na iska ne, kuma an yi shi ta yadda in iska ta zube sai ya kama, don haka kwampireso na mutuwa jirgi ya zama dutse. Da kaka kuma ganyen bishiya ke zuba a kan dogo, ƙafa ta niƙe shi ya zama santsi kamar sabulu, sai an riƙa fesa yashi. Na yi dariya ranar da na fara jin an ce ganye ya makarar da jirgi. Yanzu na daina.

Da na isa gida na cike fom a waya, bayan 'yan kwanaki suka maido mini da kuɗin tikitina cif. Ƙa'idar ita ce jinkirin rabin awa rabin kuɗi, awa ɗaya duka. Kada ka ce sun cika kirki, a tikitin suka riga suka cire. In ka tashi da safe ka ce Landan za ka ba tare da ka saya tun da wuri ba, tafiyar awa biyu sai ta ci maka sama da fam 100. Ni dai ban taɓa biyan wannan ba, bas nake hawa in kwana a hanya.

Ka tambaye ni ko bakanikensu ya fi ka. A hannu ban yarda ba. Da yawansu kwamfuta suke jonawa ta faɗa musu abin da ya mutu, su cire su sa sabo. Nozul ɗin da za ka zauna ka wanke ka saita, su kwandon shara za su jefa, don awa ɗaya ta ma'aikaci ta fi shi tsada. Inda suka bar mu shi ne littafi. Kowane inji yana da nasa, an rubuta awa nawa ya yi, yaushe aka canza filta, wa ya canza. Lokacin sabis na cika ake janye shi ko da lafiyarsa ƙalau. Suna ɗibar baƙin mai a kwalba su kai a auna, in an ga garin ƙarfe a ciki an san boris ya fara ci tun bai yi ƙara ba. Man gas ɗinsu kuma ba ruwa ba datti, ba a haɗa shi da kananzir. Kai kuwa sai inji ya buga ake kawo maka shi a bayan a-kori-kura, a ce gobe ake so.

Abin da nake so ka yi mini, ka duba cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Inna. Akwai hoton Baba Tsoho a loko na Zariya, wato inda ake ajiye kawunan jirage, yana tsaye a gindin kan jirgi da shebur a hannu. Ka ɗauka da waya a wuri mai haske, ka tabbatar lambar da ke jikin injin ta fito. Dattijon nan ya ce in ya ga lambar zai iya gano masana'antar da ta ƙera shi da shekarar, kuma na yi masa alkawarin komawa kafin su rufe layin lokacin sanyi.