Docker Engine, Docker Desktop ko Podman: wanne ya kamata ka ɗora wa kwamfutarka?

Kafin ka ƙona data wajen sauke manhajar kwantena (kwantena wani keɓaɓɓen akwati ne da ake tada manhaja a ciki tare da duk abin da take buƙata, Docker da Podman kuwa su ke tada shi), ka san abu ɗaya: kwantena ɗan gidan Linux ne. Abubuwan da yake tsaye a kansu, wato namespaces da cgroups (masu keɓe manhaja da iyakance abin da take ci), a cikin zuciyar Linux suke. Saboda haka duk wanda ka ga yana tada kwantenar Linux a Windows ko a Mac, akwai wata ƙaramar kwamfutar Linux da ke ɓoye a ciki tana yi masa aikin. Yawancin ciwon kan da ake kuka da shi, kwantena ta ƙi tashi, ko ta tashi amma burauza ba ta ganinta, ko tana gani amma ita ba ta iya fita intanet, daga mahaɗar nan yake ɓullowa. Ni da wannan nake auna kowace manhaja: hawa nawa ta jera tsakanina da kwantenata, kuma idan netwok ya rikice, zan iya leƙawa in ga inda ya tsaya?

Da wannan ma'auni, zaɓina Docker Engine ne kai tsaye a kan Ubuntu ko Debian, waɗanda nau'o'in Linux ne, kuma ba na ɓoye hakan. Babu ɓoyayyar kwamfuta, babu RAM ɗin da aka ware aka kulle mata. Ga wanda ke aiki da laftof ɗin gwanjo mai 8GB, kamar yawancin ɗalibanmu, wannan kaɗai ya isa dalili. Kyauta ne ko a kamfani kake. Sannan shi ne abin da za ka tarar a kan saba ranar da ka tashi ɗora aikinka, don haka abin da ka koya a ɗakinka shi zai yi maka aiki a can.

Matsalolinsa ma masu gaskiya ne, suna faɗa maka abin da ke damunsu. Idan ka ga "Cannot connect to the Docker daemon", ka buga `systemctl status docker` ka ga ko ya tashi. Idan "permission denied" ne a kan `/var/run/docker.sock`, ba ka cikin rukunin docker. Ka saka kanka, ka fita ka sake shiga. Amma ka sani, duk wanda ke cikin wannan rukunin daidai yake da root, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, kada ka riƙa saka kowa. Idan kwantena ta mutu da lamba 137, an kashe ta ne da ƙarfi, galibi don RAM ya ƙare. Idan ta tashi lafiya amma ƙofar (port) da ka buɗe ba ta amsawa, duba manhajarka: tana sauraro a 127.0.0.1 ne ko a 0.0.0.0? A cikin kwantena, localhost ita kanta ce, ba kwamfutarka ba. Abu ɗaya da za ka rasa shi ne `host.docker.internal`, sunan da kwantena ke kiran kwamfutarka da shi, wanda ba ya zuwa a shirye a Linux, sai ka ƙara `--add-host=host.docker.internal:host-gateway`. Layi ɗaya ne. Ka dai sauke Docker Engine daga ma'ajiyar apt ta Docker da kanta, ka bar na snap, wanda ke da ƙaidi wajen taɓa fayilolin da ke wajen babban fayil ɗinka na gida.

In ba za ka iya rabuwa da Windows ba, ka ɗora WSL2, mai tada Linux a cikin Windows, ka sa Ubuntu, ka sa Docker Engine ɗin a cikinsa. Tun 2022 WSL ke karɓar systemd, mai tada ayyuka irin su Docker a Linux; ka rubuta `systemd=true` ƙarƙashin `[boot]` a `/etc/wsl.conf`. Kafin komai ka shiga BIOS ka kunna VT-x in Intel ce, ko SVM in AMD ce, domin laftof da yawa a kashe suke zuwa da shi, mutum ya wuni yana cirewa yana mayarwa alhali matsalar tana can. Ka ajiye aikinka a cikin Ubuntu, ba a `/mnt/c` ba, wato ɓangaren Windows, inda karanta fayil ke jan ƙafa. Ka sa wa WSL iyakar RAM a `.wslconfig`, don in ka bar shi yana iya kaiwa rabin abin da kake da shi. Kuma idan `entrypoint.sh` ya ce "no such file or directory" alhali ga shi kana gani, ƙarshen layukan ne irin na Windows. Mai da su LF, irin na Linux.

Docker Desktop ba mugu ba ne. Ga wanda bai taɓa buɗe tamina ba, wato tagar buga umarni, shi ya fi sauƙin farawa, kuma `host.docker.internal` yana aiki ba tare da ka taɓa komai ba. Amma yana da nauyi, kuma tun Agustan 2021 kamfanin da ma'aikatansa suka haura 250 ko kuɗin shigarsa ya wuce dala miliyan 10 a shekara sai ya biya. Ɗalibi da ƙaramin ɗan kasuwa kyauta ne. Podman na Red Hat yana aiki ba tare da root ba, abin yabo ne, sai dai a haka ba zai buɗe ƙofar da ke ƙasa da 1024 ba sai ka gyara saiti, kuma darussan intanet kusan duk da Docker aka rubuta su. Rancher Desktop na SUSE na mai son Kubernetes ne, wato tsarin sarrafa kwantena masu yawa. In ba ka san kana buƙatarsa ba, ba ka buƙatarsa. Masu Mac su duba OrbStack ko Colima, su tuna cewa Colima da 2GB kacal yake farawa, cewa AirPlay na riƙe ƙofa 5000 tun macOS Monterey, kuma "exec format error" a M1 da ƙannensa galibi na nufin an gina imej ɗin, wato ƙunshin da ake tada kwantena daga gare shi, don amd64 ne, irin na Intel da AMD.

Yanzu ga tambayar da na fi yi wa kowace manhaja: yaya take da VPN, hanyar shiga netwok ɗin ofis daga nesa? Akwai wani ofis da na yi wa aiki wanda netwok ɗinsa na ciki ke zaune a 172.17. Docker kuwa tun asali gadarsa docker0 a 172.17.0.0/16 take. Da zarar na kunna VPN, sabar ofis ta ɓace. `ping` shiru, burauza tana ta juyi, mai kula da netwok yana rantsuwa cewa komai lafiya a wajensa, kuma gaskiyarsa. Kamar gidaje biyu ne masu lamba ɗaya a layi ɗaya, ɗan aike ya riƙa kai saƙo gidan da ya fi kusa. A Linux, `ip route` ya nuna min karon a fili. Na buɗe `/etc/docker/daemon.json`, na canza `bip` da `default-address-pools` zuwa wani zangon da babu kowa, na sake tada Docker, magana ta ƙare. Haka matsalar MTU take, wato iyakar girman ƙunshin data da netwok ke wucewa da shi a lokaci ɗaya: Docker na ɗaukar 1500, VPN kuma yakan rage, sai ƙananan buƙatu su wuce, manya su maƙale ba tare da wani saƙon kuskure ba. A inda hawa ya yi yawa, farautar irin wannan sai ta cinye maka yini.

Amma duk wanda ka zaɓa a cikinsu, haɗarin da ya fi ba ni tsoro yana cikin abin da kake saukewa. Docker Hub, rumbun da ake sauke imej daga ciki, a buɗe yake, kowa na iya ɗora abin da ya ga dama. A 2018 an cire imej 17 daga wani asusu guda, waɗanda aka cusa wa manhajar haƙar kuɗin kirifto da ƙofofin baya, bayan an sauke su sau miliyoyi. Masu wannan sana'a ba su daina ba. Sukan ɗauki suna mai kama da na gaske, su canza harafi ɗaya, su kwafi bayanin asali har da tambari. Ka tada shi, ya yi maka aikin da kake so daidai, fankar laftof kuma tana ta ihu, batir na zuba, data na tafiya, kai kana zargin wuta da kamfanin waya. Ka nemi alamar Docker Official Image ko Verified Publisher. Imej irin su `postgres`, `nginx` da `redis` na hukuma ba su da sunan wani mutum a gabansu. In ka ga wani suna da alamar `/` kafin sunan imej ɗin, ka tsaya ka binciki mai shi. In babu Dockerfile, fayil ɗin da ke nuna yadda aka gina imej ɗin, da za ka karanta, ka bar shi.

Ka kuma yi hattara da wanda zai ba ka Docker Desktop a filasha ko a wani zauren Telegram yana cewa wai "buɗaɗɗe" ne. Me aka buɗe a abin da dama kyauta ne gare ka? Abin da aka ƙara a ciki shi ne abin tambaya. Haka shafukan da ke fitowa a saman sakamakon bincike a matsayin talla. Ka rubuta adireshin da hannunka. In data ce matsalar, akwai hanya mai tsafta: abokin da ka amince da shi ya sauke imej na hukuma, ya yi `docker save`, kai ka yi `docker load`, ku gwada lambar shaidar imej ɗin ku ga ta yi daidai.

Sai masu ba da "maganin gaggawa" a bidiyo. Wani zai ce ka yi `chmod 777` a kan docker.sock, wani ya ce ka ƙara `--privileged` a kowace kwantena, wani ya ce ka buɗe ƙofa 2375 don kuskuren haɗi ya tafi. Kuskuren zai tafi, amma 2375 ba ta tambayar kalmar sirri, kuma akwai na'urorin da ba su da aiki sai zagaye intanet suna neman ta. Wanda ya same ta ya samu sabarka gaba ɗaya. Kada kuma ka dogara da ufw, katangar tsaro ta Ubuntu, a nan: Docker na rubuta dokokinsa kai tsaye a iptables, don haka `-p 5432:5432` na iya fito da rumbun bayananka ga duniya ko da ufw ya nuna a rufe. Idan kai kaɗai ke buƙatarsa, rubuta `-p 127.0.0.1:5432:5432`, sannan ka gwada shiga daga wayarka da datarta ka tabbatar an hana ka.