Tamiflu ko Paxlovid, wanne ne na murar hunturu?

Hajiya, kin tambaya wanne za ki sa a nemo miki tsakanin Tamiflu da Paxlovid tunda mura ta kwantar da yaran gida, kuma ko sun fi Amoxil ɗin da aka ba ki a kemis a Sabon Gari. Toh kowanne da cutar da aka yi shi dominta, kamar makulli ne da kwaɗo, na wannan ɗakin ba ya buɗe wancan.

Tamiflu, wato oseltamivir, na infuluwenza ne kawai, murar nan mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi har mutum ya kasa tashi. Tun 1999 ake shan sa. Babba yana shan 75mg safe da yamma kwana 5, amma fa sai an fara cikin awa 48 da soma ciwon yake yin aiki sosai, kuma abin da yake ragewa a jinya bai wuce kamar kwana ɗaya ba. Wasu yana tayar musu da zuciya, gara a sha bayan an ci abinci.

Shi kuma Paxlovid na korona ne, kamfanin Pfizer ya fito da shi ƙarshen 2021, ana fara shi cikin kwana 5 na farko. Magani biyu ne a haɗe, nirmatrelvir da ritonavir, kuma wallahi nan ne nake jin tsoro, don shi ritonavir tsohon maganin HIV ne da aka saka ya hana hanta saurin narkar da ɗan uwansa, to haka yake riƙe wasu magungunan ma su taru a jini, irin su simvastatin na rage kitsen jini da amlodipine na hawan jini, mai shan rifampicin na tarin fuka kuwa sam ba a haɗa masa su. Ga ɗaci a baki kamar an tsotsi ƙarfe.

Amoxil bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos ko kaɗan, wato irin ƙwayar cutar da ke kawo mura da infuluwenza da korona.

Murar da yawancinmu ke yi in ƙura ta taso, atishawa da majina da kaikayin maƙogwaro, babu ɗaya cikin ukun nan da ke maganinta. Hutu, ruwan ɗumi, farasitamol in da zazzaɓi. Amma don Allah in jariri ne ko tsoho ko mai ciki ko mai asma ko ciwon suga, ko kika ga yaro yana numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa, kar a tsaya kemis, a wuce asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ko asibitin Gambo Sawaba na Zariya a ranar, likita ya duba ya zaɓa.