Fayil ɗin da ke tuna duk abin da aka yi masa

Malamai da ɗalibanmu na kimiyya a gida, ga wani abu daga cibiyoyin binciken niyutron na nan Turai da ya ƙi fita daga raina. Wani ɗalibi ne ya kawo zanen sakamakonsa, babban malami ya duba ya ce tsayin ƙololuwar nan bai kwanta masa ba. Babu musu, babu neman wanda ya fara aikin. Aka buɗe fayil ɗin a Mantid, manhajar tace bayanan gwajin niyutron, aka danna tarihinsa, sai ga jerin duk abin da aka yi wa bayanan tun suna ɗanye: wane mataki, da waɗanne lambobi, a wane zubin manhaja. Can tsakiyar jerin aka ga ɓarnar. An daidaita bayanan da tsohon awon banadiyam, ƙarfen da ake gwada na'urar da shi, wanda aka ɗauka kafin a sauya wasu bututun kama niyutron. Aka canza lamba ɗaya, aka sake gudanar da rubutun Python, kafin a tashi aiki zane ya miƙe.

Wannan sauƙin shirya shi aka yi. A da kusan kowace na'ura tana da tata manhajar, wadda masani ɗaya ya rubuta, shi kaɗai ya san cikinta. A 2007 cibiyar ISIS ta Ingila ta fara Mantid, a 2010 Oak Ridge ta Amurka ta shigo, daga baya ILL ta Grenoble a Faransa ta bi sahu. Cibiyoyin da ke gasar jawo masu bincike suka yarda su rubuta abu ɗaya, da C++ a ciki da Python a waje, kuma kowa ya sauke kyauta.

Abin da ake fara daidaitawa kafin a rubuta layi ɗaya shi ne siffar fayil. Sun tsaya a kan NeXus, wanda aka gina a kan HDF5. A ciki kowane niyutron da aka kama yana da lambar idon na'urar da ya kama shi, da lokacin da ya yi yana tafiya, da lokacin bugun da ya fito da shi, domin injin bugu-bugu yake sakin niyutron. ISIS tana bugu 50 a daƙiƙa, SNS ta Oak Ridge 60, ESS da ke Lund a Suwidin an tsara mata 14. Zafin samfur da ƙarfin maganaɗisu duk suna cikin fayil ɗin da lokutansu, don haka ko bayan shekaru za ka iya ware niyutron ɗin da suka iso lokacin da zafi ya kauce kawai.

Sai matakan tacewa, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Ana mayar da lokacin tafiya zuwa tsawon zango: niyutron mai gudun mita 2200 a daƙiƙa zangonsa kusan angistirom 1.8 ne (angistirom kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita), kuma yana cin mita 10 cikin kusan mikrosakan 4545. Idan fayil ɗin da ke bayyana ginin na'urar ya yi kuskuren santimita ɗaya a wannan mita 10, duk ƙololuwa ta gusa da kashi ɗaya cikin dubu, wanda ya isa ya ɓata lissafin tazarar atam. Shi ya sa kowane irin wannan fayil ke ɗauke da ranar da ya fara aiki. Bayan haka a rufe idanun da suka mutu, a raba da adadin niyutron da suka shigo, a cire abin da mazubin samfur ya watsa shi kaɗai, sannan a raba da banadiyam, saboda shi yana watsa niyutron kusan daidai ta kowace fuska, sai ya tona idon da ya yi rauni. Kowane mataki kuma dole ya tafi da kuskurensa. Ƙidaya 100 kuskurenta 10 ne, ƙidaya 10,000 kuskurenta 100. Wanda ya kwafe lambobi zuwa Excel ya bar shafin kuskuren a baya ya zubar da rabin awon.

Dokar aikin ce ta fi ba ni sha'awa. Babu wanda gyaransa ke shiga manhaja sai wani ya karanta, ko da shi ne shugaba. Kwamfuta kuma tana sake tace tsofaffin bayanan da aka san amsarsu, idan amsa ta motsa a tsayar da gyaran.

Akwai abin haushi, kada ku ɗauka aljanna ce. Ƙaramin gyara kan kwana makonni yana jiran mai dubawa. Taro ba ya ƙarewa, musamman kan sunan da za a ba abu ɗaya da cibiyoyi uku ke kira da suna uku. Da aka daina kula da Python 2 a 2020, tarin tsofaffin rubutun masu bincike sun daina aiki sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Manhajar ta yi nauyi, sabon shiga yana ɓata a cikin ɗaruruwan umarni. ESS ma, da cibiyar bayananta a yankin Kopanhagen, ta gina nata sabon kayan aikin mai suna scipp.

Amma idan na tuna yadda muke yi a gida sai zuciya ta yi nauyi. Bayanai a filashi ɗaya, fayil mai suna "na ƙarshe", wani "na ƙarshe na gaske". Ɗalibi ya gama ya tafi da kwamfutarsa, aikin shekara uku ya tafi da shi. Malami yana ɓoye rubutunsa ga na ofishin kusa, wai kada a sace masa. Ina kewar ɗaliban nan namu masu kwana a kan lissafi da batirin da ya kusa mutuwa, wallahi ba su gaza na nan a kaifin kai ba, kuma takaicin ke nan.

Ga shi ISIS tana sakin bayanan gwaji ga kowa bayan shekara uku. Mantid da SasView, mai nazarin watsuwa a ƙaramar kusurwa, da McStas, mai kwaikwayon na'urar gaba ɗaya, duk kyauta ne. Sashe ɗaya zai iya sauke awo ɗaya tare da banadiyam ɗinsa da na mazubinsa, ɗalibai biyu su tace shi kowa daban, a ajiye rubutun a Git, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara, sannan a zauna a gano layin da amsoshinsu suka rabu.