Sharhi kan Bleed the Future: gudu mai tsanani, amma kunne na tsintar kowane bugu

Kundin Bleed the Future na ƙungiyar Archspire, 'yan birnin Vankuba a Kanada, ya fito a watan Oktoba na 2021 a ƙarƙashin kamfanin Season of Mist. Waƙoƙi takwas ne, dukansu ba su wuce minti 32 ba. Na saurare shi sau da dama, da hedfon da kuma sifika, kuma ra'ayina shi ne darajarsa tana cikin tsabtar sautinsa. Masu gudu a salon teknikal det metal, wato reshen kiɗan metal mai tsananin sauri da sarƙaƙiya, suna da yawa, amma ƙalilan ne ke gudu irin wannan kuma mai sauraro ya iya rarrabe abin da kowane makaɗi ke yi.

A fara da ganguna, domin a nan ne yawancin kundayen wannan salo ke lalacewa. Idan kiɗa na tafiya a kan awo 300 a minti, kuma ana saka bugu huɗu a kowane awo, gangar ƙafa za ta yi ƙara sau 20 a daƙiƙa guda. Tazarar bugu da bugu kashi ɗaya ce cikin ashirin na daƙiƙa. Fatar babbar ganga ba ta gama rawa a wannan ɗan lokaci, sai amon farko ya hau kan na biyu, komai ya zama gurnani. Ga kuma ƙafar ɗan Adam, wadda ƙarfinta ke raguwa yayin da sauri ke ƙaruwa. Maganin da ake amfani da shi shi ne maƙala wa gangar 'yar na'ura mai jin bugu, wadda ke sakin gajeren sauti mai kaifi da aka tanada duk lokacin da aka taɓa fatar. Wasu na ganin wannan maguɗi ne. Ban yarda ba, don na'urar ba ta buga komai da kanta, hasali ma tona asirin makaɗi take yi, tunda bugun da ya kauce wa lokaci yana fitowa fili. Aikin mai ganga Spencer Prewett a nan ya tsaya cak, har a waƙar ƙarshe, A.U.M., wadda ta kai awo 400 a minti.

Dave Otero, wanda ya haɗa sautin a situdiyonsa da ke yankin Denba a Amurka, kuma shi ne ya yi musu Relentless Mutation a 2017, ya raba wa kowane kayan kiɗa gurbinsa. Dean Lamb na kaɗa jita mai tsirkiya takwas, kuma mafi kaurin tsirkiyar irin wannan jita, a saiti na yau da kullum, tana sauka wajen hats 46 (rawa 46 a daƙiƙa), wato cikin filin jitar bes. Idan aka bar su haka, su biyun da gangar ƙafa za su cunkushe wuri ɗaya. Abin da kunne ke ji a nan shi ne an rage wa jitoci kaurin ƙasa, an kuma taƙaita dishin da ake ƙara musu, wato kaushin sauti da ake sa wa jitar lantarki. Yawan wannan dishi na sa jita ta yi kamar ta fi nauyi, amma yana cinye farkon kowane sauti, kuma a irin wannan gudu farkon sautin kaɗai kunne ke samu. Saboda haka ne ake jin bes ɗin Jared Smith sarai, har da wuraren da yake danna tsirkiya da yatsun hannu biyu a kan wuyan jitar.

Muryar Oliver Rae Aleron ita ce abin da ya fi raba su da sauran. Gurnani ne irin na det metal, amma yana yanka shi gaɓa-gaɓa da saurin mawaƙan rap masu gudu, har muryar ta zama kamar wata ganga ta dabam da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta Prewett. Ba za a fahimci kalmomin ba sai da rubutun a hannu. Wannan bai dame ni ba, domin aikin muryar a nan aikin kari ne.

Inda kundin ya burge ni ƙwarai shi ne wuraren da suke sassautawa. A tsakiyar waƙar Drone Corpse Aviator sai ruwan bugun ya ɗauke, a bar jita mai tsabta tana tafiya a hankali, sannan su dawo da ƙarfi. Reverie on the Onyx kuma ta ari wani sashe daga Lacrimosa, kiɗan gargajiyar Turai na Mozart. Waɗannan wuraren hutu su ne ke sa saurin ya ci gaba da yin tasiri, don kunne kan saba da kowane irin gudu bayan minti biyu ko uku, daga nan ya daina jin sa a matsayin gudu. Lamb da ɗaya mai jitar, Tobi Morelli, sun kuma san darajar maimaita salo mai kama zuciya, abin da yawancin masu bin sawun kundin Epitaph na ƙungiyar Necrophagist, wanda ya fito a 2004, suka yi sakaci da shi suna ta nuna gwaninta.

Tsabtar tana da farashinta. Bugun gangar ƙafa kusan ƙarfinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma wanda ya saba da ɗanyen amon kundin None So Vile na ƙungiyar Cryptopsy na 1996 zai ji wannan ya yi santsi da yawa, ba ƙura ba datti. A rabi na biyu ma wasu sassa kan yi kama da juna a sauraron farko. Da kundin ya kai minti 50 da ya gajiyar da mutum. Lambar yabon kiɗa ta Kanada, Juno, da ya ci a 2022 a rukunin metal ta dace da shi, amma gajartarsa na cikin abin da ya cece shi.

Yadda aka saurare shi na canza komai. Sifikar waya ba ta fitar da kaurin ƙasa, saboda haka bes zai ɓace, a bar mutum da ƙas-ƙas ɗin ganga da kaifin jita kawai. Hedfon mai waya ya fi, domin matse sauti da wasu na'urorin bulutut ke yi ya fi lalata faya-fayan ƙarfe na ganguna, sai su koma kamar shuuu. A kashe duk wani saitin ƙara bes, shi ne ke dawo da cunkoson da Otero ya sha wahalar kawarwa. Kada a ƙure ƙara: awa takwas a desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) ita ce iyakar da aka saba bayarwa don kare kunne, kuma kowane ƙarin desibel 3 na raba wannan lokaci biyu. A zagaye na farko a bi ganguna kawai, na biyu a bi bes, sai a na uku a saki kunne ga jitoci biyun, ɗaya a hagu ɗaya a dama, a ji inda suke haɗuwa da inda suke rabuwa.